Kafin Ka Saka Wufa a Motarka, Ka Yi Shawara da Kunnen Iyalinka

Yau maganarmu ta shafi maigidan da ya mallaki a-kori-kura, ko Hilux ce mai ƙofa huɗu ko tsohuwa mai kujera ɗaya, wanda ya ji rediyon da kamfani ya haɗa wa motar bai gamsar da shi ba, har ya fara tunanin kai ta wurin mai wayarin a ƙara mata wufa, wato lasifikar nan mai fitar da kakkauran sauti da ake jin dukansa a ƙirji. Maganar ta shafi uwargida ma, da duk wanda yake zama a kujerar baya. Ra'ayina a taƙaice shi ne: saka wufa ba laifi ba ne, amma shawara ce ta lafiya kafin ta zama ta nishaɗi, kuma mafi yawan waɗanda za su ɗauki nauyin sakamakonta ba a tambayarsu.

Bari mu fara da ba mai motar gaskiyarsa. Lasifikokin da ake saka wa a ƙofofin irin waɗannan motoci ƙanana ne, kuma an yi su ne don a ji labarai da waƙa daidai gwargwado. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin sauti daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai girgiza sau 20,000. Ƙasan wannan ma'auni, inda amon babbar ganga yake, yana bukatar lasifika mai faɗi da za ta tura iska da yawa, ƙaramar lasifikar ƙofa kuwa ba ta da wannan ƙarfi. Idan ka matsa mata sai ta fara karkarwa, sautin ya dagule. Ga kuma injin dizal da gurnanin tayoyi a kan kwalta, waɗanda su ma kakkauran amo suke yi, suna haɗiye ɗan abin da lasifikar ta iya fitarwa. Saboda haka wanda ya ce waƙa ba ta da armashi a motarsa bai yi ƙarya ba. Har ma akwai hujja mai ƙarfi a ɓangarensa: wufar da aka daidaita da kyau tana cike giɓin sautin, ta yadda mutum zai ji daɗin abin da yake saurare ba tare da ya murɗa rediyon zuwa ƙarshe ba. Matsalar ita ce ba kasafai ake saka ta don wannan manufa ba. An fi saka ta don madubi ya yi rawa, mutanen bakin titi su waiwayo.

Abin da ƙara take yi wa kunne

Ka san dodon kunne, fatar nan siririya da sauti yake bugawa. Bayanta akwai ƙananan ƙasusuwa uku da suke miƙa girgizar zuwa wani sashe mai kama da katantanwa, cike da ruwa. A cikin katantanwar nan akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne suke mayar da girgiza ta zama saƙon da jijiya take kai wa ƙwaƙwalwa. Da su aka haife ka, kuma da su za ka rayu har ƙarshe. Fata tana warkewa idan ta yanke, ƙashi yana haɗewa idan ya karye, amma waɗannan ƙwayoyi idan suka mutu ba sa sake tsirowa, kuma har yau babu ƙwaya ko allurar da take dawo da su.

Ƙara mai yawa tana gajiyar da su ne da farko. Shi ya sa idan ka sauka daga mota bayan doguwar tafiya da kiɗa, ko ka dawo daga wurin biki, kake jin kunnenka ya toshe kamar an cusa auduga, ko kana jin wani siririn kuka a ciki. Washegari yakan washe, sai mutum ya ɗauka ya tsira. Amma wannan toshewar shaida ce cewa an wuce iyaka, kuma maimaita ta yau da gobe shi yake kashe ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ɓarnar takan fara ne daga wajen sauti mai girgiza sau 4,000 a daƙiƙa, yankin da yake taimaka maka ka bambance haruffa irin su "s" da "sh" da "f" da "ts". Don haka mutum ba ya wayar gari ya ji duniya ta yi tsit. Yana jin muryoyi sarai, kalmomin ne suke cakuɗe masa, musamman a kasuwa ko wurin ɗaurin aure. Sai ya fara zargin mutane da magana ƙasa-ƙasa, yara su fara maimaita masa zance sau biyu, a gida a fara cewa ya cika ƙure talabijin.

Lissafin da ya kamata ka sani

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana kaiwa kimanin desibel 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa babban mutum zai iya sauraren sauti mai desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, ga yara kuma ta sauko da ma'aunin zuwa 75. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne yadda wannan ma'auni yake hawa. Duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu, lokacin da kunne zai iya jurewa kuma ya ragu da rabi. A desibel 83 awa 20 ke gare ka a mako, a 86 awa 10, a 89 awa 5, a 92 awa biyu da rabi, a 95 awa ɗaya da kwata. Wanda ya tashi daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 200, yana sauraren kiɗa a desibel 92, ya cinye rabonsa na mako guda kafin ya isa, alhali bai dawo ba, bai kunna janareta a gida ba, bai tsaya kusa da injin niƙa ba. Kunne ba ya ware ƙarar aiki daban da ta nishaɗi. Duka yake tarawa wuri ɗaya.

Hukumar ta kuma bayyana cewa matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti, kuma mutane kimanin miliyan 430 suna fama da raunin ji da ya kai a taimaka musu. Saboda girman al'amarin ne aka keɓe ranar 3 ga Maris ta kowace shekara don wayar da kai kan lafiyar ji.

Me ya bambanta kakkauran sauti?

Za ka ji wasu suna cewa wufa ba ta cutar da kunne, siririn sauti ne yake cutarwa. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, domin idan aka ɗauki sautuka biyu masu ƙarfi ɗaya, mai tsinin ya fi saurin yin ɓarna. Amma akwai abubuwa uku da masu wannan magana suke tsallakewa.

Na farko, kunne ba ya jin kakkauran sauti sosai sai ya yi ƙarfi ƙwarai, kuma ba ya yi maka zafi irin wanda ƙarar usur take yi. Ƙararrawar gargaɗin da jiki yake bugawa takan makara, sai ka yi ta ƙarawa kana jin daɗi.

Na biyu, kakkauran sauti yana danne wanda yake sama da shi. Da zarar wufa ta yi ƙarfi sai muryar mawaƙi ta nutse, sai hannunka ya kai ga rediyo ka ƙara komai gaba ɗaya don ka ji baitin. A nan ne lasifikokin ƙofa da na gaban gilashi suke kaiwa matakin da yake cin kunne. Sau da yawa wufar ba ita take yin ɓarnar da hannunta ba, ita ce dai take jan sauran zuwa wurin.

Na uku, ɗakin a-kori-kura ƙarami ne kuma a rufe yake. A irin wannan wuri kakkauran sauti yana taruwa ya ƙara ƙarfi fiye da yadda lasifikar za ta yi a falo ko a fili. Akwatin da ka ji a shagon mai sayarwa kamar bai kai ya kawo ba, idan ya shiga mota aka ɗaga gilashi wani abu ne daban.

Ba kunne kaɗai ba. A shekarar 2004 mujallar likitocin ƙirji mai suna Thorax ta wallafa rahoton wasu samari da huhunsu ya sace a lokacin da suke cikin kiɗa mai tsananin ƙarfi, ɗaya daga cikinsu a cikin mota mai babban akwatin wufa. Abu ne da ba ya yawan faruwa, kuma ban kawo shi don tsoratarwa ba. Na kawo shi ne don ka san cewa dukan da kake ji a ƙirji duka ne na gaske. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji na farat ɗaya tare da ƙarancin numfashi, a mota ko a ko'ina, asibiti zai nufa nan take.

Wa yake zaune a kan akwatin?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. A-kori-kura ba ta da but irin na ƙaramar mota, inda za a ajiye akwati nesa da mutane. A mai ƙofa huɗu, wurin da ake samu shi ne ƙarƙashin kujerar baya ko bayanta. Wato direban da yake riƙe da maɓallin shi ne ya fi kowa nisa da wufar, yaron da aka ɗauko daga makaranta kuma a kanta yake zaune. Abin da ya yi maka daidai a gaba ya yi masa yawa a baya. Yaro ɗan shekara uku ba zai ce maka kunnensa yana kuka ba. Zai yi rigima, ko ya toshe kunne da hannu, ko ya yi shiru, kai kuma ka ɗauka gajiya ce. Raunin ji a ƙuruciya yana shafar koyon magana da karatu, kuma yaron da ba ya jin malami sosai sau da yawa daƙiƙi ake kiransa kafin wani ya yi tunanin a duba kunnensa.

Ki lura, uwargida, idan kina da juna biyu. Jariri yana fara jin sauti tun yana ciki, a watannin ƙarshe na rabin farko zuwa gaba, kuma jikin uwa ya fi tare siririn sauti fiye da kakkaura, wanda yake ratsawa cikin sauƙi. Zama a kan akwatin da yake girgiza kujera na tsawon sa'o'i ba abin da za ki yi kawaici a kansa ba ne. Ki faɗa wa maigida cikin ladabi a rage, ko a kashe.

Akwai kuma waɗanda kunnensu ya riga ya sha wahala. A ƙasashenmu sanƙarau da ƙyanda da hangum da ciwon kunne mai fitar da ruwa sun raunana jin mutane da yawa tun suna yara. Wasu magunguna ma suna taɓa kunne, irin su allurar jentamaisin da sitireftomaisin da amikasin, da kuma kwinin. Wanda likita ya ɗora a kan irin waɗannan kada ya daina sha ko karɓar allura da kansa, amma ya nisanci ƙara a lokacin, domin haɗuwar maganin da ƙara ta fi kowannensu illa. Haka dattijon da shekaru suka fara rage masa ji. Idan Baba ko Inna suna cikin motar, ɗan abin da ya rage musu amana ce a hannunka.

Sannan ga hanya. Kunne abokin aikin ido ne a tuƙi. Da shi kake jin hon ɗin tirela a bayanka, da jiniyar motar asibiti, da ɗan acaɓan da ya shigo ta inda madubi ba ya nunawa, da sabon ƙara a injin ko taya da yake gaya maka ka tsaya. Wanda ya rufe gilashi ya cika ɗaki da kiɗa ya sallamar da wannan duka, a cikin mota mai nauyi wadda sau da yawa take ɗauke da kaya ko mutane a baya.

Idan ka yanke shawarar sakawa

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin yana farawa tun daga kasuwa. Ka sayi ƙarama. Wufa ɗaya mai faɗin inci 8 ko 10, irin siririyar nan mai haɗe da amfilifayarta da ake turawa ƙarƙashin kujera, ta ishi ɗakin a-kori-kura. Kada lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ta ruɗe ka. Wat 1,000 da ake tallatawa galibi ƙarfin ƙiftawar ido ne, ainihin ƙarfin da na'urar take bayarwa a kai a kai yana can a ƙananan rubutu. Kuma ba ka bukatar mai yawa.

Ka tsaya a kan mai wayarin lokacin da yake daidaitawa. Rediyon kamfani sau da yawa ba shi da mafitar da aka tanada don amfilifaya, sai a ɗauki sautin daga wayoyin lasifika, kai tsaye ko ta wata ƙaramar na'ura mai sassauta shi. A jikin amfilifayar akwai maɓallin da yake daidaita ƙarfin abin da yake shigowa. Masu haɗawa da yawa suna murɗe shi zuwa ƙarshe don mai mota ya ji kuɗinsa sun yi aiki. Ka ce a bar shi ƙasa, a inda wufar take cike waƙa ba tare da ta rufe murya ba. A saita ta ta tsaya a sautin da bai wuce girgiza 80 a daƙiƙa ba, ko kusa da haka, a kuma kashe maɓallin da yake ƙara mata kauri na musamman. Ka nemi a saka maka ɗan maɓalli kusa da sitiyari wanda zai rage wufar ita kaɗai, don idan yara suka shiga ka sauke ta da hannu ɗaya. Bayan an gama, ka ba wani tuƙin, kai ka koma kujerar baya ka zauna minti goma. Abin da ka ji a can shi ne gaskiyar aikin.

Ka kula da wuta. Wayar da take ɗauko lantarki daga batir zuwa amfilifaya dole a saka mata fis kusa da batirin, tazarar da ba ta wuce kamu biyu ba, kuma inda ta ratsa ƙarfen da ya raba injin da ɗaki a sa mata roba don kada ƙarfen ya yanke ta. Waya mai kauri ta jan ƙarfe ake so. Siririya tana zafi, kuma wayar da ba ta da fis idan ta goge ta taɓa jikin mota gobara ce a ƙarƙashin kujerar da iyalinka suke. Akwatin kuma a ɗaure shi da kusoshi. Abu mai nauyin kilo goma da aka ajiye sakaka yana zama makami idan aka taka birki da ƙarfi ko mota ta kife.

Bayan haka sai ɗabi'a. Ga gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar na'ura: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda yake kusa da kai, tazarar hannu ɗaya, ya ji abin da kake faɗa, ƙarar ta yi yawa. Akwai manhajojin waya masu auna desibel, suna da amfani a matsayin manuniya, sai dai makirufon waya ba ya kama kakkauran sauti da kyau, don haka lambar da ka gani tana iya gaza abin da yake faruwa. Ka gano lambar rediyon da take daidai lokacin da mota take tsaye, ka riƙe ta a matsayin iyaka, domin a kan babbar hanya kunne yana sabawa, hannu kuma yana ƙarawa ba tare da ka lura ba. A doguwar tafiya ka riƙa kashe komai na ɗan lokaci bayan kowace awa, kunne ya huta.

Yaushe za ka ga likita?

Idan kukan kunne ya wuce kwana ɗaya ko biyu bai tafi ba, ko kana yawan cewa "na'am?" a cikin taro, ko waya ta fi yi maka daɗi a kunne ɗaya, ko iyali sun fara ƙorafin ƙarar talabijin, ka je a auna jinka. Gwajin ba ya da zafi kuma ba ya ɗaukar lokaci. Ana yin sa a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna wadda aikinta ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da manhaja kyauta mai suna hearWHO da za ka fara gwada kanka da ita, ko da yake ba ta maye gurbin asibiti. Idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan lamarin gaggawa ne, a je a ranar, domin maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. Kada a ɗiga man zafi, ko ruwan ganye, ko a soka tsinke da sunan cire datti. Ga yaro kuma, idan ba ya juyowa in an kira shi daga baya, ko maganarsa ta yi jinkiri fiye da ta tsaransa, a kai shi a duba ba tare da jiran ya ƙara girma ba.

Wani zai ce motarsa ce, kuɗinsa ne, kunnensa ne. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun yana zama gaskiya ne kawai ranar da yake tafiya shi kaɗai a hanyar da babu kowa, kuma ko a ranar, matar da za ta yi shekaru tana maimaita masa magana da jikokin da zai kasa jin hirarsu suna da rabo a cikin abin da yake kashewa. Hausawa sun ce idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Ka sayi ƙaramar wufa, ka sa a daidaita ta ƙasa, ka ɗaure ta, ka sa mata fis, kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofar baya yaro ya hau, hannunka ya fara zuwa kan maɓallin ragewa kafin ya je kan giya. Allah Ya ba mu lafiya, Ya kai mu gida lafiya.